Khir: Tarihin Shinkafar Madara a Ƙasar Indiya

A cikin littafin nan mai suna Ain-i-Akbari, wanda malam Abul Fadli ɗan Mubarak ya wallafa da Farisanci a ƙarshen ƙarni na 16 domin ya bayyana tsarin daular ubangidansa Sarki Akbar, wanda ya riƙe sarautar Indiya daga 1556 zuwa 1605, akwai wani sashe da aka keɓe wa madafar fada, inda marubucin, bayan ya ambaci ma'aikatanta da irin ruwan da ake girki da shi da yadda ake ɗaure kwanoni cikin ƙyalle a buga musu hatimi kafin su isa gaban sarki, ya jero abinci iri iri tare da awon kayan kowanne. Daga cikinsu akwai wanda ya kira shir birinj, awonsa kuwa shi ne madara kashi 10, shinkafa kashi 1, sukari kashi 1, da gishiri ƙalilan, kuma abin da ake samu daga wannan duka kwano 5 ne kacal. Duk macen da ta taɓa aza madara bisa murhu, da ta ji wannan lissafi za ta fahimci abin da ke cikinsa, watau rabin madarar nan ko fiye tururi za ta zama ta bi iska, kuma tilas a sami wani da zai tsaya a bakin wuta da ludayi a hannu, sa'o'i masu yawa, yana juyawa yana kankare gefen tukunya, har farin ruwan ya yi kauri ya riƙe 'yan ƙwayoyin shinkafar da aka zuba masa.

Wannan abinci da marubucin fada ya sa wa sunan Farisanci ya riga Akbar da kakanninsa sanin ƙasar da kimanin shekara dubu biyu. Mutanen arewacin Indiya suna kiransa khir, na kudu a Kerala da ƙasar Tamil suna cewa payasam, na Bangal kuwa payesh, amma asalin abin ɗaya ne, hatsi kaɗan cikin madara mai yawa, a zaƙaƙa, a ƙamsasa. Abin da ya ja hankalina ga tarihinsa shi ne, tun daga farkon ambatonsa a littattafan mutanen ƙasar har ya zuwa yau, kusan kullum a hannun mai bayarwa ake ganinsa, ko uwa tana ba jaririnta, ko mai ibada yana miƙa hadaya, ko sarki yana ciyar da talakawa; a ƙasar kuwa da mas'alar wane ne zai ci daga tukunyar wane ta raba mutane fiye da yadda bambancin harshe ya raba su, abincin da aka yi shi domin a bayar ba zai rasa labari mai nauyi ba.

Kafin a yi khir sai da Allah Ya tara wa mutanen ƙasar ni'imomi uku a wuri guda. Shanu masu tozo, waɗanda jininsu ke gudana cikin garken Fulani a dazuzzukanmu, a yankin kogin Sindu aka fara mallakarsu tun dubban shekaru, ga kuma ɓaunar gida wadda madararta ta fi ta saniya kauri da maiƙo. Shinkafa ta daɗe ƙwarai a fadamun kogin Ganga. Ta uku ita ce rake, wanda Nearkus, kwamandan jiragen ruwan Iskandar na Makidoniya, ya gani wajen shekara ta 325 kafin Miladiyya, ya kai wa mutanensa labarin wani kara mai ba da zuma ba tare da ƙudan zuma ba. Indiyawa ne suka ƙware wajen matse ruwansa su dafa shi ya zama mazarƙwaila, wadda suke kira gur, kana suka gano hikimar tace shi har ya daskare ya zama ƙwayoyin sukari; sana'ar ta yi suna har a shekara ta 647 Miladiyya Taizong, sarkin Sin, ya aiko manzanni zuwa ƙasar Magadha ta Indiya domin su koyo ta, kuma daga Indiya ta shiga Farisa, daga nan Larabawa suka kai ta Masar da Magrib da Andalus.

Daga cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu da suka ambaci shinkafar madara akwai wanda ake kira Brihadaranyaka Upanishad, wanda masana ke ɗora zamaninsa a ƙarnoni da dama kafin Miladiyya, a cikinsa kuwa an umurci miji da mata masu neman ɗa nagari su dafa shinkafa cikin madara su ci da man shanu. Wannan dangantaka da haihuwa ta sake bayyana, da ƙasaita mafi girma, a cikin Ramayana, doguwar waƙar da 'ya'yan gidajen Hindu ke tashi da labarinta. A riwayarsu, Dasharata sarkin Ayodhya ya manyanta bai sami magaji ba, sai malamansa suka shirya masa hadaya ta neman ɗa, daga cikin wutar hadayar kuma wata halitta ta fito riƙe da kwanon zinariya cike da payasam, sarki ya raba wa matansa uku, Kausalya da Sumitra da Kaikeyi, suka haifa masa 'ya'ya huɗu maza, babbansu shi ne Rama. Musulmi ba ya riƙon wannan a matsayin aƙida, amma mai binciken tarihi yana karanta hikayoyin al'umma ne domin ya san abin da take girmamawa, kuma al'ummar da ta zaɓi ta zuba shinkafar madara cikin kwanon zinariyar nan, alhali tana da zuma da 'ya'yan itatuwa na alfarma, ta riga ta gaya mana matsayin da ta ba ta.

Hikayar da ta fi taɓa zuciyata ita ce ta mabiya Buda. Sun ruwaito cewa Siddarta Gautama, wato shi Buda ɗin, ɗan sarautar da ya bar gidan ubansa ya shiga daji neman haƙiƙa ɗaruruwan shekaru kafin Miladiyya, ya shekara shida yana horon jikinsa da yunwa a gefen kogin Neranjara, cikin ƙasar Bihar ta yau, har ya rame ya zama fata da ƙashi, ya kusa halaka ba tare da ya sami abin da ya fita nema ba. A wani ƙauye kusa da nan akwai wata mace mai suna Sujata, wadda ta yi alwashin kai hadaya gindin wani itace idan ta sami miji da ɗa namiji, da buƙatarta ta biya kuwa, sai ta sa aka tatsi shanu dubu aka shayar da ɗari biyar, aka tatsi ɗari biyar aka shayar da rabinsu, haka haka har ya rage saniya takwas, da madarar waɗannan takwas ta dafa shinkafarta. Ta tarar da shi zaune a gindin itacen, ta miƙa masa, ya karɓa ya ci, ƙarfinsa ya dawo, a daren nan kuma, bisa ga riwayarsu, ya kai ga abin da ya koyar daga baya, watau hanya madaidaiciya tsakanin nutsewa cikin jin daɗi da azabtar da kai. Abokansa biyar masu zuhudu sun ƙaurace masa saboda ya koma cin abinci. Mubalagar shanu dubun nan, in an dube ta da kyau, dafuwar khir ce kanta aka mayar hikaya, domin aikin mai dafa shi ke nan, ya tattara mai yawa ya mai da shi kaɗan mai albarka. Har yanzu akwai kufan wani tsohon gini na tunawa da Sujata a ƙauyen Bakraur, tsallaken kogi daga garin Bodh Gaya, masu ziyara suna zuwa gare shi daga Sirilanka da Myanmar da Tailan da Japan.

Amma dalilin da ya sa khir ya zama abincin walima, ya fita daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa unguwa, yana cikin hukunce-hukuncen tsarki da najasa na addinin Hindu, kuma wajibi ne a tsaya a nan a yi bayani. Al'ummar Hindu ta kasu ɗabaƙa ɗabaƙa bisa ga haihuwa, tun daga Brahmanawa, gidan malanta da limanci, har zuwa waɗanda aka jefa a ƙasan kowa aka ce taɓa su ma yana ɓata tsarki; abinci kuma shi ne babban shingen da ke tsakanin ɗabaƙoƙin. A arewacin ƙasar musamman, sun raba dafaffen abinci gida biyu. Wanda aka dafa cikin ruwa, kamar farar shinkafa da romon wake, suna kiransa kacca, suna ganin yana saurin ɗaukar najasa, don haka mai tsanantawa ba ya cinsa sai a cikin gidansa, daga hannun ɗan ɗabaƙarsa ko wanda ke sama da shi. Wanda aka dafa cikin man shanu ko madara suna kiransa pakka, kuma da yake abin da ya fito daga saniya mai tsarkakewa ne a wurinsu, ana iya fita da shi waje, a yi guzuri da shi, a raba shi a taro, har babba ya karɓe shi daga hannun wanda ke ƙasa da shi da ɗan mataki. Saboda haka masu kiyaye hukunci sukan shafa wa ɗanyar shinkafa man shanu kafin ta shiga madara, domin abin da ƙwaya ta fara haɗuwa da shi a kan wuta shi ne ke yanke mata hukunci. Ta wannan ƙofa shinkafa, wadda in a ruwa aka dafa ta ba ta ƙetare bakin zaure, ta sami izinin zaga gari.

Wannan sauƙi ne ƙarami a cikin tsari mai tsanani, kuma ba daidai ba ne a ƙawata shi fiye da ƙimarsa. Ƙofar ta buɗe ne tsakanin ɗabaƙoƙin da ke kusa da juna, amma masu shara da majema da masu ɗaukar mushe, waɗanda yau ake kira Dalit, ko da madara da man shanu aka dafa abu, ba a karɓa daga hannunsu, su kuma in an ba su, daga nesa ake zuba musu bayan kowa ya tashi.

Ɗakunan bauta ne suka riƙe wannan girki suka raya shi ƙarni bayan ƙarni, domin abin da aka miƙa hadaya ana dawo da shi a raba wa masu ziyara, suna kiransa prasad. A garin Puri na jihar Odisha, a babban ɗakin bautar Jagannat wanda aka gina a ƙarni na 12, akwai madafa da ake lissafawa cikin mafiya girma a ƙasar, inda ake girki da itace cikin tukwanen ƙasa sababbi, a jera su wata bisa wata a kan murhu ɗaya, ba a kuma maimaita tukunya sau biyu. Shinkafar madara tana cikin abin da ake dafawa, kuma al'adar wurin ita ce abincin da ya fito daga wannan madafa ba shi da ɗabaƙa, kowa na iya ci tare da kowa. A kudu kuwa, a garin Ambalapuza na Kerala, ɗakin bautar Krishna ya shahara da payasam ɗin da ake dafawa kullum tun da asuba har rana ta take, har madarar ta rine ta yi ja-ja don tsawon zama a kan wuta. Mutanen wurin suna da hikaya game da asalinsa. Sun ce wani baƙo mai kamannin malami ya zo fada ya yi wasan shaɗaranji da sarki, da aka tambaye shi ladan da yake so in ya ci, sai ya ce a sa masa ƙwayar shinkafa ɗaya a gidan farko na allon, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, aka yi wasa aka cinye shi, da aka zo awo kuwa rumbunan ƙasar suka ƙare ba a kai ko'ina ba, domin jimlar ita ce ƙwaya 18,446,744,073,709,551,615. Sa'an nan baƙon ya bayyana cewa shi ne Krishna, ya ce ba sai an biya a lokaci ɗaya ba, a riƙa dafa payasam ana ba duk wanda ya zo ziyara har ran da bashin ya ƙare.

Ma'abota karatun Larabci za su gane wannan lissafi, gama Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya kawo irinsa a cikin Wafayatul A'ayan, game da wani Ba'indiye mai suna Sissa wanda ya ƙago shaɗaranji ya roƙi sarkinsa ƙwayoyin alkama. Riwayar Larabawa ta tsaya a kan kaifin basirar mai roƙo, ta Ambalapuza kuwa ta wuce nan, ta mai da ciyarwa bashi a wuyan mai mulki wanda ba ya gama biyansa. A ganina wannan fahimta ce mai daraja game da haƙƙin talaka a kan sarki. Sai dai tarihi ya tilasta a ƙara da cewa a daular Tirabankor, wadda Ambalapuza ke cikinta, an hana 'yan ƙananan ɗabaƙoƙi shiga ɗakunan bauta, har ma da bin hanyoyin da ke kewaye da wasunsu, sai bayan gwagwarmayar da aka yi a garin Vaikom a 1924 da 1925, da kuma shelar da sarkin ƙasar, Chitira Tirunal, ya yi a 1936, sa'an nan ƙofa ta buɗe musu. Ɗaruruwan shekaru ana biyan bashin, alhali waɗanda suka nome shinkafar da hannunsu suna tsaye a waje.

Dafuwar kanta ba ta da wuyar bayani, wuyarta a haƙuri take. Ana neman tukunya mai faɗin baki domin tururi ya sami mafita, mai kaurin gindi domin kada ta kama. A Kerala ta tagulla ce, suna kiranta uruli, ana gadonta a cikin gida. A tafasa madara da dukkan maiƙonta, a janye itace wuta ta kwanta, a zuba shinkafa 'yar gajeriya mai ƙamshi wadda aka wanke aka tsane, daga nan kuma ba a barin wurin, domin fatar da ke taruwa a sama da wadda ke mannewa a gefe duk sai an kankare an mayar ciki, su ne ke ba abin jiki. Ba a sa sukari sai ƙwaya ta nuna har tana murtsukewa tsakanin yatsu biyu, gama in ya riga shiga, ƙwayar takan ƙanƙame ta ƙi nuna. In kuwa mazarƙwaila ce, sai an sauke tukunya ta ɗan huce, domin tana tsinka madara mai zafi. A ƙarshe ake daka hel, ɗan ƙamshin nan da alhazai suka sani a gahawar Makka, wanda asalinsa duwatsun Kerala ne, a barbaɗa. Mai hali ya jiƙa za'afaran na gonakin Pampur a Kashmir cikin ɗan ɗumin madara ya zuba, ya soya zabibi da lauz da fustuƙ cikin man shanu ya watsa a kai. Ana saukewa da sauran ruwa-ruwa, kamar kunun gyaɗa mai kauri, domin yana ƙara daskarewa in ya huce. Aibi ɗaya ne ba shi da magani, shi ne ƙauri: da zarar gindi ya kama, warin ya ratsa tukunyar duka, babu hel ko ruwan wardi da zai rufe shi, aikin yini ya tafi a banza. Shi ya sa a gidajen da ake biki ba a damƙa ludayin nan ga yarinya mai gaggawa.

Kowane yanki ya ɗaura khir ga ranakun da ya fi girmamawa. A Bangal, idan jariri ya kai wajen wata shida, ana yi masa bikin da ake kira annaprashan, a yi masa ado, kawunsa ɗan'uwan uwa ya ɗauke shi bisa cinya ya sa masa payesh a baki, shi ne hatsin farko da zai shiga cikinsa. Duk shekara kuma ranar haihuwarsa uwarsa za ta dafa masa shi da wata shinkafa mai ƙamshi da ake kira gobindobhog, in lokacin sanyi ne a zaƙaƙa shi da mazarƙwailar da ake yi daga ruwan itacen dabinon daji. Mutanen Tamil a tsakiyar Janairu, ranar bikin girbi na Pongal, suna dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila cikin sabuwar tukunya a filin tsakar gida, su bar ta da gangan ta tafasa ta zubo, suna ɗaukar haka alamar yalwa. A Kerala lokacin bikin Onam ana jera abinci a kan ganyen ayaba a rufe da payasam, wani da madarar shanu, wani da ta kwakwa. A Bihar masu azumin Chhath suna cin khir na mazarƙwaila da aka dafa a murhun ƙasa da itacen mangwaro kafin su shiga doguwar ƙishirwa, a daren cikar wata na kaka kuwa akan ajiye shi a fili ya kwana cikin hasken wata. Hatta mamaci ba a manta da shi ba, domin khir yana cikin abin da ake dafawa a kwanakin tunawa da magabata.

Musulunci ya shiga Indiya ta hannun fataken teku a gaɓar Malabar, da rundunar Muhammadu ɗan Ƙasim a Sindu wajen 712, da daular Dilli da aka kafa a 1206, kana da Babur, kakan Akbar, a 1526. Musulmin kuwa ba baƙi ba ne ga shinkafar madara, gama tana cikin Kitabuɗ Ɗabikh na Ibn Sayyar al-Warraƙ, wanda aka tattara a Bagadaza a ƙarni na 10. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a Dilli zamanin Sarki Muhammadu ɗan Tugluƙ, wanda kuma daga baya ya ratso Mali ya sauka Takedda a 1353, ya shaida cewa ana shuka shinkafa sau uku a shekara a Indiya, ya kuma yi mamakin arahar shinkafa da sukari da man shanu a Bangal. Abin da madafun sarakunan Musulmi suka ƙara shi ne ɗanɗanon Farisa da Khurasan, watau ruwan wardi da fustuƙ da lauz da siririn ganyen azurfa da ake shimfiɗawa a kai. Daga nan firni ya yaɗu, wanda ake jiƙa shinkafarsa a niƙa ta tsaki-tsaki kafin a dafa, a zuba cikin ƙananan kasake na ƙasa marasa shafe, kaskon ya tsotse ruwa ya bar masa ƙamshin yumɓu. Da azumi ana jera su ɗaruruwa a kasuwannin da ke kewaye da Masallacin Juma'a na Dilli, da Lakno da Haidarabad da titin Muhammad Ali na Mumbai, masu buɗa baki suna saye.

A Ajmer, a hubbaren Shaihu Mu'inuddini Chishti wanda ya rasu a 1236, akwai manyan tukwane biyu na ƙarfe waɗanda sai da matakala ake kaiwa bakinsu. Asalin babbar kyauta ce daga Akbar, wanda ya taka da ƙafa zuwa ziyara bayan ya ci birnin Chitor a 1568, ƙaramar kuma ɗansa Jahangir ne ya ƙara. Abin da ake dafawa a cikinsu yau shinkafa ce mai zaƙi da man shanu da sukari da za'afaran da busassun 'ya'yan itace, ba a sa nama, saboda haka masu ziyara daga Hindu da Sikh, waɗanda suke da yawa ƙwarai a wurin, suna ci ba tare da shakka ba. A wasu gidajen Musulmi kuma akwai al'adar dafa khir ranar 22 ga Rajab a zuba cikin kasake a yi sadaka da sunan Imamu Ja'afarus Sadiƙ, malamai sun yi saɓani a kanta, wasu suna ganin ba ta da asali. Wanda babu saɓani a kansa shi ne na ƙaramar Salla. Sunna ta zo da cin dabino kafin fita idi, Musulmin Indiya kuwa suka haɗa dabinon da madara da siririyar taliya soyayya suka kira shi shir khurma, ana dafa shi tun kafin asuba, maigida ya sha ya tafi masallaci, sa'an nan yara su yi ta kai kwanoni gidajen maƙwabta, har da waɗanda ba Musulmi ba, su ma kuwa in bikinsu na Diwali ya zo sukan rama da nasu kayan zaƙi.

Waɗanda suka fuskanci mas'alar tukunya gaba da gaba su ne mabiya addinin Sikh a Panjab. Guru Nanak, wanda ya rayu daga 1469 zuwa 1539, ya kafa madafar jama'a da ake kira langar, inda kowa ke zama a ƙasa cikin sahu ɗaya, Brahmane kusa da majemi, a zuba musu daga tukunya ɗaya. Na uku a jerin shugabanninsu, Amar Das, ya shar'anta cewa duk mai son ganinsa sai ya fara cin abinci a sahun. Mata Khivi, matar shugabansu na biyu, Angad, ita ta riƙe madafar shekaru masu yawa, kuma an ambaci sunanta a cikin littafinsu mai tsarki saboda khir mai man shanu da take rabawa. Ina ganin zaɓen khir a nan da hikima aka yi shi: abincin da aka saba ajiye wa manya da ranakun alfarma aka ɗauko aka sa gaban matalauci a ranar da ba ta biki ba. A Amritsar har yau ana ciyar da dubun dubatan mutane kullum bisa wannan tsari.

Zuwan Turawa ya taɓa tukunyar ta fuskoki dabam dabam. 'Yan Fotugal, waɗanda suka sauka Kalikut a 1498, su suka kawo yazawa daga Birazil, har ta zama yau ba a raba payasam da 'ya'yanta. Turawan Ingilishi kuwa, bayan sun soke bauta, suka kwashi leburorin ƙwadago daga Indiya tun daga 1834 har 1917 zuwa gonakin rake na Morishiyas, da Giyana daga 1838, da Tirinidad daga 1845, da Natal daga 1860, da Fiji daga 1879. A cikin jiragen ruwan nan hukuncin kacca da pakka ya karye, domin tukunya ɗaya ce ga kowa, jikokinsu kuma, waɗanda da yawansu harshen kakanni ya ɓace musu, ba su bar dafa shinkafar madara ranar aure da ranar ibada ba. A ƙarƙashin mulkin Ingilishi a Indiya ne kuma aka yi yunwar Bangal ta 1943, wadda ta ci rayuka kimanin miliyan uku, har matan ƙasar payesh suka riƙa bin titunan Kalkata suna roƙon ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa. Da aka raba ƙasar a 1947, khir da firni suka zama na Indiya da Pakistan baki ɗaya, kamar yadda payesh ya zauna a ɓangarorin Bangal biyu.

Madara ce mafi tsada cikin kayan khir, ita ce kuma ta daɗe tana tsare shi ga ranakun biki. A 1946 makiyayan gundumar Kheda a Gujarat, waɗanda dillalai suka daɗe suna cin guminsu, suka kafa ƙungiyar gama kai a garin Anand ƙarƙashin Tribhuvandas Patel, injiniya Verghese Kurien ya zo ya tsara mata aiki, ita ce ta zama ƙungiyar madarar da ake kira Amul. Daga 1970 aka yaɗa tsarin a faɗin ƙasar, mace mai ɓauna ɗaya ko biyu tana kai abin da ta tatsa safe da yamma ana aunawa ana biyanta, har a 1998 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta farko a duniya wajen samar da madara. Lebura a birni yanzu yana iya sayen madarar leda ya dafa wa 'ya'yansa abin da kakansa ba ya gani sai shekara shekara, wannan kuwa alheri ne da ba ya buƙatar hujja. Tare da shi gajerun hanyoyi suka shigo, madarar gwangwani mai kauri da tukunyar tururi mai murfi da garin firni na cikin kwali, waɗanda suka mai da aikin yini na rabin sa'a. Ba na zargin matar da ta dawo daga aiki da magariba ta bi su, ko da yake ɗanɗanon da doguwar wuta ke jawowa daga madara ba ya shiga gwangwani. Manyan ɗakunan bauta sun riƙe tsohuwar dafuwa, amma yawan masu ziyara ya canja yadda ake rabo: a Ambalapuza yau mai son payasam da yawa yakan biya kuɗi tun da wuri a ba shi takarda, in an sauke tukunya da rana ya kawo mazubinsa a auna masa da lita.